Rawar Masu Addinin Buddha Ta Dawo Mini Da Barci, Yayana Kuma Ya Ce Na Yi Ridda

Assalamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce 'yar shekara 24, ina karatun haɗa magunguna a Indiya. Bara Ummata ta rasu ina nan, a waya aka gaya mini, ban samu zuwa gida ba saboda jarrabawa da kuɗin jirgi. Tun daga ranar barci ya ƙaurace wa idona. Salla ina yi, amma kamar mai sauke kaya, zuciyata ba ta wurin. Abokiyar ɗakina 'yar Nepal ce, addinin Buddha suke bi, ita ce ta riƙa dafa mini abinci tana zama da ni cikin dare. Da aka yi hutu ta kai ni garinsu Patan, kusa da Katmandu. A can na ga wata rawa da suke kira Carya, a hankali ake yin ta, kowane yatsa da inda ake ajiye shi. Ina tsaye ina kallo sai hawaye, karo na farko tun rasuwar Umma. Da muka dawo na fara koyo wurin wata malama 'yar ƙasarsu, yau wata bakwai ke nan, kuma yanzu ina barci. Malamar ta ce in ina son wucewa mataki na gaba sai na karɓi wata mubaya'a wurin babban malaminsu a wata mai zuwa. Ana cikin haka ƙawar tawa ta sa bidiyona a Instagram, Yayana ya gani. Ya kira ni ya ce bori nake yi, na yi ridda, in ban daina ba zai gaya wa Baba a dawo da ni gida. Anti, ban bar salla ba, ban kuma ce na bar Musulunci ba. Amma ƙarya ne in ce ban sami komai a rawar nan ba. Hanyata na samu ko ɓata nake yi?

'Yarki a Indiya

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya jiƙan Umma, ya kai haske kabarinta, ya ba ku haƙurin rashinta. Na taƙaita wasiƙarki na cire abin da zai sa a gane ki, amma na karanta ta duka, har sau uku, kuma a duk karatun ba a kan rawar idona ya tsaya ba. A kan wannan layin ya tsaya: a waya aka gaya mini.

Kin san yadda ake yi a gida. Da kina nan, da an shimfiɗa tabarmi, gwaggonninki da maƙwabta sun zagaye ki, wannan ta shigo ta ce ya haƙuri, waccan ta rungume ki ku yi kuka tare, a kawo abinci a tilasta miki ci. Kwana da kwanaki ana haka har nauyin ya rarrabu a kan mutane da yawa. Ke ko ɗaya ba ki samu ba. Kin ajiye waya, gari ya waye kin ɗauki jaka kin tafi aji. Kukan da ba a yi ba ba ya ɓacewa, wuri yake samu a jiki ya zauna, ya hana barci, ya sa komai ya zama lami har da ibada. Wurin da ya fara samun ƙofa shi ne tsakar gidan nan na Patan, inda kika ga mutum yana motsi ba gaggawa, ba wanda ke jiran ki yi jarumta. Don haka hawayenki na gaskiya ne, sauƙin da kika samu ma na gaskiya ne, ba zan ce miki ruɗi ba ne. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da ya ziyarci kabarin mahaifiyarsa a Abwa ya yi kuka har waɗanda ke tare da shi suka yi. Kukan uwa ba rauni ba ne.

To amma kin tambaye ni tsakani da Allah, ni ma haka zan ba ki amsa, kuma dole mu fara da sanin mece ce wannan rawa a wurin masu ita. Carya ta mutanen Newar ce, 'yan asalin kwarin Katmandu, kuma kalmar kanta tana nufin aikin ibada da horon kai. Tana cikin reshen addinin Buddha da ake kira Bajrayana. Ɗaruruwan shekaru limamansu, 'yan zuriyar Bajracarya, a ɓoye suke yin ta cikin ɗakunan ibada, wanda bai karɓi izini ba ko kallo ba ya yi. Sai a ƙarni na 20 aka fara fito da wasu sassanta fili, har wani limaminsu, Prajwal Ratna Bajracarya, ya kai ta Amurka ya buɗe wurin ibada a birnin Portland a 2009. Waƙoƙin da ake rerawa ana rawar suna siffanta abin bauta ne, launinsa, kayan adonsa, abin da yake riƙe da shi. Sarrafa yatsun nan da ya burge ki, mudra suke ce masa, kowanne da ma'anarsa. Wanda ke rawar Manjushiri, ɗaya daga cikin waɗannan abubuwan bauta, yana ɗaga hannu kamar mai takobi, takobin hikima da ke yanke jahilci. Mai rawar Tara, wata abar bautar tasu, tana buɗe tafin hannu alamar kyauta da jinƙai. Zuciyar al'amarin kuwa ita ce mai rawa ya ƙudurta a ransa cewa shi da abin da yake siffantawa sun zama ɗaya. Su kansu za su gaya miki ba Allah mahalicci suke nufi ba, siffofin wayewar zuciya ne, amma ana miƙa musu kyaututtukan ibada, ana kiran sunansu, ana sunkuya musu. Wanda ya ce miki motsa jiki ne kawai bai yi wa masu abin adalci ba, bai kuma yi miki ba.

Ba ma duk masu addinin Buddha ke rawa ba. A Tailan, Siri Lanka da Myanmar, inda reshen Terabada ya fi ƙarfi, cikin ƙa'idojin da masu zaman zuhudu ke ɗauka akwai ƙauracewa rawa da waƙa da kiɗa. A yankin Himalaya kuwa rawa ta zama ibada: Carya a Nepal, sai Cam mai rufe fuska da ake yi a Tibet da Butan da Ladak, wadda suke danganta asalinta ga wani babban malaminsu, Padmasambawa, a ƙarni na 8. Na kawo miki wannan ne don ki san ƙofar da kika tsaya a bakinta ba ta gefen gida ba ce, ta ƙuryar ɗaki ce.

Wannan ya kawo mu kan mubaya'ar wata mai zuwa, kuma a nan ba zan yi miki kwana-kwana ba: kada ki karɓe ta. A wannan reshe na Bajrayana, karɓar izini, wato mubaya'ar da aka gaya miki, yana tafiya da furta neman mafaka ga abubuwa uku, Buddha, koyarwarsa, da jama'ar mabiyansa, kuma wannan furuci shi ne abin da ke mayar da mutum mabiyin addinin a wurinsu. Yana kuma ɗaura alkawari tsakanin ɗalibi da malami, samaya suke kiransa, wanda suke ɗaukar karya shi babban al'amari. Ke kuwa da bakinki kin ce ba ki bar Musulunci ba. Ta yaya za ki ɗauki alkawarin da ba ki yi niyyar abin da ke cikinsa ba? In kin yi haka kin zalunci kanki, kin kuma yaudare su. Ko Dalai Lama, wanda duniya ta fi sani cikin shugabannin wannan reshe, ya sha gaya wa baƙin da ke zuwa wurinsa cewa ya fi musu su riƙe addinin da suka tashi a ciki. Littattafansu ma suna umartar ɗalibi ya ɗauki shekaru yana nazarin malami kafin ya ba shi wuya. Ke ko ganin wannan babban malami ba ki ce kin taɓa yi ba. Kuma zuciyar da ke cikin makoki ba a sa ta yanke hukuncin da zai bi mutum har ƙarshen rayuwa. Ko aure ne aka kawo miki a irin wannan hali, da cewa zan yi a dakata.

Sauran rawar fa, wadda kike yi sau biyu a mako? Ni ba mai ba da fatawa ba ce, amma ba zan ɓoye miki abin da na sani ba. Duk inda aka kai ga kiran sunan wani abin bauta, ko sunkuya masa, ko ƙudurta zama shi, malaman Musulunci ba su da saɓani cewa wannan ya taɓa tauhidi. Shawarata ki dakatar da zuwa ajin tukuna, ki je wurin malamar ki tambaye ta kai tsaye: me kalmomin da muke rerawa ke cewa, wa muke gaisarwa a farkon darasi, me zan furta ranar mubaya'a? Ki ce ta fassara miki kalma da kalma. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma wata bakwai kina maimaita kalmomin da ban tabbata an taɓa warware miki su ba. Amsarta za ta nuna miki ko wace ce ita. Malama ta gari za ta gaya miki gaskiya, ta mutunta dakatawarki. In kuwa kika ji an fara cewa dama ce da ba ta dawowa, ko kada ki gaya wa 'yan gidanku, ko an kawo maganar kuɗi masu yawa, to ki ja da baya da sauri. Irin wannan matsi a kowane addini alamar haɗari ce.

Sai ki kai abin da kika ji wurin malamin Musulunci mai ilimi da sanyin hali, ba mai saurin jefa mutane wuta ba. Indiya na cikin ƙasashen da suka fi yawan Musulmi a duniya, ba za ki rasa ba, ko kuma wata malama a gida da kika amince da ita ta waya. Ki faɗi abin yadda yake, har da hawayen. Hukuncin ridda ba abu ba ne da ake yankewa a waya bayan kallon bidiyon minti ɗaya, kuma wadda take tsayawa salla tana tambaya cikin tsoron kada ta ɓata, ba siffar mai juya baya ke nan ba.

Yanzu bari mu duba abin da kika samu a wurin, don ba na son in karɓe miki abu in bar ki hannu rabbana. In kika warware shi za ki ga abubuwa ne sanannu. An sa ki rage sauri. An sa ki lura da numfashinki da tafin ƙafarki. An sa hankalinki ya zauna wuri ɗaya na tsawon sa'a, ba waya, ba littafi. Kuma akwai mace babba da ke kallonki da kulawa tana gyara miki hannu, a shekarar da kika rasa wadda ta saba yi miki haka. 'Yata, wannan na ƙarshen ina jin ya fi sauran nauyi, ki zauna da shi ki yi tunani.

Cikin waɗannan babu wanda sallarki ba ta da shi, sai dai mu ne muke fizgar ta kamar kaza na tsattsagar tsaba. Kin san labarin mutumin da ya yi salla a masallaci, Annabi ya ce masa ya koma ya sake don bai yi salla ba, har sau uku, sannan ya koya masa: ka yi ruku'u har ka natsu, ka ɗago har ka daidaita, ka yi sujada har ka natsu. Natsuwar gaɓɓai ke nan, ba ta zuciya kaɗai ba. Ga abin da nake so ki gwada na kwana arba'in. Bayan isha'i, ko in kin farka tsakar dare, ki yi raka'a biyu da ba za su gaza minti goma sha biyar ba. Ki yi alwala a hankali. Ki ji nauyin hannunki a lokacin kabbara, ki bar bayanki ya miƙe a ruku'u har numfashi ya lafa, a sujada kuma ki daɗe, ki yi wa Umma addu'a, ki faɗa wa Allah abin da kika so faɗa mata ba ki samu ba. Jikin da ya koyi lura da yatsa ɗaya-ɗaya ya riga ya san yadda ake wannan. Ba na miki alkawarin daren farko za ki ji wani abu. Wata bakwai kika ba rawa, ki ba wannan ma lokacinsa.

Kuma kada ki ɗauka ƙishin haɗa jiki da ambaton Allah baƙon abu ne a cikin Musulmi. A Kano 'yan Ƙadiriyya suna zikiri da bandiri, gidan Shehu Nasiru Kabara ya shahara da shi. A Omdurman ta Sudan an daɗe ana taruwa da yammacin Juma'a a hubbaren Shehu Hamad al-Nil ana zikiri ana jujjuyawa. A Konya ta Turkiyya mabiya Jalaluddin Rumi, wanda ya rasu a 1273, har yau suna juyinsu da fararen riguna. Malamai sun yi saɓani a kan waɗannan, 'yan Izala da wasu da dama ba su yarda da su ba, kuma ke kika san gidan da kika fito. Ba tura ki ɗariƙa nake yi ba. So nake ki san tambayar da jikinki ke yi tsohuwa ce, an daɗe ana yin ta a cikin gidanmu. In kuma motsin kawai kike kewa, ki ƙara da doguwar tafiyar ƙafa da sassafe ko ajin motsa jiki na mata wanda babu ibadar kowa a ciki.

Akwai wata magana da ba zan tsallake ba. Mai yiwuwa ne bayan makoki ya lafa ki ga har yanzu akwai tambayoyi a ranki game da imani kansa. In haka ta faru, kada ki tsorata da su, kada kuma ki binne su. Imani ba a yi wa mutum shi, Alƙur'ani da kansa ya ce babu tilas a addini. Amma irin waɗannan tambayoyi da karatu ake fuskantar su, da zama gaban masana, da shekaru, ba da ranar da wani ya sa miki a kalanda ba, ba kuma a Instagram ba.

Maganar bidiyo kuwa yau za ki yi ta, ba gobe ba. Ki roƙi ƙawarki ta sauke shi. Ba da mugunta ta sa ba, a wurinta abin alfahari ne ƙawarta 'yar Afirka ta iya rawar kakanninta. Ba ta san yadda zargin da ya shafi addini yake yaɗuwa a wurinmu ba, da irin abin da yake iya jawo wa mutum da danginsa. Ki yi mata bayani, ki kuma gaya mata dalilin dakatawarki da bakinki, kada ta ji a wurin malama. Yarinyar nan ta ciyar da ke ta yi rashin barci dominki lokacin da babu naki ko ɗaya a kusa. Addininki bai hana ki kyautata mata ba, umartarki ma ya yi da saka alheri. Ki riƙe ta da kyau. Ina kyautata zaton wadda ta zauna da ke a wancan duhu ba don rawa ta zauna ba.

Shi kuma Yayanki, kalamansa sun yi tsauri, bai kyauta ba da ya fara da hukunci kafin tambaya. Amma ki tsaya inda yake tsaye. Shi ma uwa ya rasa. Ƙanwarsa tana wata uwa duniya, sai ga ta a waya cikin kayan da bai saba gani ba tana wani motsi ido a lumshe, gaban gumaka. Bahaushe ya ga haka, me zai fara zuwa masa in ba hawan bori ba? Tsoro ne ya fito a siffar faɗa. Kada ki jira ya sake kira. Ki rubuta masa saƙo, don a rubuce ba mai katse wani. Ki ce masa: Yaya, na ji maganarka, an sauke bidiyon, na dakatar da zuwa, ina salla, kuma ina neman malamin da zan yi wa tambaya. Sannan ki gaya masa abin da bai sani ba, watannin da kika yi ba barci, da cewa har yau ba wanda ya zauna da ke aka yi kukan Umma. Kada ki yi masa ƙaryar cewa wasa ne kawai, ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma gaskiyarki ta fi ƙarfin ba ki kariya.

Baba kuwa gara ya ji daga gare ki. Muddin labarin yana hannun Yaya a matsayin barazana, kullum cikin fargaba za ki kwana. Ki nemi ƙanwar Umma ko gwaggon da Baba ke jin maganarta, ki fara warware mata komai, ita ta share miki hanya, sannan ki kira shi. Ki fara da halin da kika shiga bayan rasuwar, daga nan ki zo kan rawar da matakin da kika ɗauka. Mutumin da ya rasa matarsa ya san abin da dare yake yi wa mai makoki. Ki roƙe shi kada a katse miki karatu, ki ba shi abin da zai riƙe: lokacin da za ki riƙa kiransa duk mako, da sunan malamin da kika samu.

Ina tsoron abu ɗaya, in kin dakatar da ajin rashin barcin ya dawo. In ya dawo ya wuce mako biyu, ko kika kasa cin abinci da karatu, ko tunanin cutar da kanki ya zo miki, kada ki ce za ki daure. Ke mai karatun magani ce, kin san baƙin ciki mai tsawo ciwo ne da ake dubawa. Ki je wurin mai ba da shawara na makarantarku ko likita. Gwamnatin Indiya ma tana da layin kyauta na lafiyar ƙwaƙwalwa, Tele MANAS, lambar 14416, dare da rana. Ki kuma nemi 'yan uwanki ɗalibai Hausawa da sauran Musulmi da ke garin, ko cin abincin Juma'a ne ku riƙa yi tare.

Hutu mai zuwa kuma, ko bashi za a ci, ki roƙi Baba da Yaya su haɗa miki kuɗin jirgi. Ki je gida ki shiga ɗakin Umma ki zauna. Ki ce wa 'yan uwanta su zo su yi miki gaisuwar da ba ki samu ba, su ba ki labarin kwanakinta na ƙarshe, ki dafa abin da take so ki raba sadaka da sunanta. In kin dawo ki rubuto mini, ina so in ji yadda barcin yake da yadda kuka ƙare da Yaya.

Antinki